Ɗinkin Gyartai a Garkuwar Ɗan Soja

'Yan ajinmu suna cewa aikin kakana ba aiki ba ne. Wai gam ne kawai, ka ɗiga, ka danne, ka hura. Ban taɓa ba su amsa ba, don ni idan mutane suka wuce biyu muryata maƙalewa take yi. Shi ya sa na ga gara in rubuta.

Kakana, Malam Sahabi, yana da tebur a wata baranda cikin kasuwar Gusau, tsakanin Alhaji Mu'azu mai turare da wani mai gyaran agogo. Yawanci tabarau yake gyarawa, amma ana kawo masa duk abin da ya karye wanda bai isa a kai wa maƙeri ba: marfin fulas, hannun kofin tangaran, murfin batirin rediyo, har haƙoran roba na wani tsoho. Ni kuma ina zuwa bayan an tashi daga makaranta, in zauna a bencin da ke bayansa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Inna yake kirana. Tun ina firamare nake tsinto masa 'yan kusoshin tabarau idan sun faɗi ƙasa. Yanzu duk aikin da ya yi ƙanƙanta da yawa, bakinsa ke faɗa, hannuna ke yi.

Aikinsa na farko ƙwaryar nono ce. Yana yaro aka kai shi kasuwar Tsafe wurin wani gyartai, wato mai ɗinkin ƙwarya, ana ce masa Ɗan Ige. Wata Bafulatana ta kawo ƙwaryar da ta gada daga uwarta, ta tsage daga baki. Kaka ya ɗauki basilla ya huda kusa da tsagar sosai, sai ƙwaryar ta ƙara darewa har gindi. Ya ce Ɗan Ige bai doke shi ba. Sakaina ya tara masa, ya ce ya yi ta hudawa har yatsansa ya san inda ake tsayawa: in ka matso, ta dare, in ka yi nisa, ɗinki ya yi sako-sako nono ya bi ta ciki. A wurinsa kuma ya koyi abin da yake yawan maimaita mini. Tsaga iri biyu ce. Sabuwa fara ce. Tsohuwa baƙa ce, don dauɗa da maiƙo sun shige ta. Mai kaya saboda farar yake zuwa, baƙar ya saba da ita har ya daina ganinta. Amma ita ce za ta buɗe bayan ya koma gida, kuma sunanka zai kira. Don haka gyartai na kirki duka yake ɗinkewa, ko ba a ce ba.

Da bokitan roba suka kori ƙwarya, sai ya koyi liƙi da ƙarfe mai zafi. Daga nan ya dawo Gusau ya kama tabarau. Kayan aikinsa duk suna cikin wani tsohon gwangwanin biskit: basillar Ɗan Ige wadda wasawa ta cinye rabinta, ƙaramin magagari, hantsaki, allurar keken ɗinki da ya goge bakinta ta zama abin huji, wayar jan ƙarfe da ya warware daga ƙonanniyar fanka, da tankaɗaɗɗiyar toka a kwalin ashana. Idan aka ɗiga gam a kan toka, nan take take daskarewa kamar dutse, da ita yake cike gurbi. Akwai kuma gilashin wani tabarau mai kauri da ya ɗaure da waya, ta cikinsa nake duba ƙananan abubuwa.

A shekarar da aka rufe kasuwannin ƙauye aka yanke layin waya saboda 'yan bindiga, aiki ɗaya nake iya tunawa. Wani malamin firamare daga wajen Kucheri ya kawo tabarau da aka take a lokacin gudu, ƙafa ɗaya babu, gilashi ɗaya ya tsage. Kaka ya yi masa ƙafa da wayar laima, ya naɗe ƙarshen da zare don kada ya ci masa kunne. Bayan shi sai mu wuni ba wanda ya tsaya. Mutanen Rawayya da na Tsafe da suka saba haɗo gyare-gyarensu ranar da suka shigo gari duk suka ɗauke ƙafa. A shekarar ne kuma yanar ido ta fara rufe ganin Kaka. Bai gaya wa kowa ba. Ni dai na lura ya daina ɗaga abu sama wajen haske, sai dai ya bi shi da babban yatsa.

Baffa Bello, ƙanen babana, shi ma ya lura. Yana yawo da caja da kwalayen waya a faifan katako, kuma ya daɗe yana son wurin zama. Wata rana ya ce, "Baba, ka bar mini teburin nan ka huta. Gam ɗin nan ko yaro zai iya ɗiga shi."

Kaka ya ce, "Tun da nike, an taɓa maido mini da aiki?"

"Ba a taɓa ba."

"To ranar da aka maido, ka zo ka ɗauki tebur. Alhaji, ka shaida."

Alhaji Mu'azu ya ce ya shaida. Tun daga ranar nake duba kowane aiki sau biyu kafin a miƙa wa mai shi.

Ɗan sojan ya zo ne a cikin gwangwanin alewa, an shimfiɗa masa auduga. Wanda ya kawo shi Malam Dayo ne, haifaffen Sabon Gari, yana koyar da lissafi a wata makaranta a Bungudu. Hausarsa tas. Sauri yake yi kada motar Bungudu ta cika, ya ajiye gwangwanin ya ce, "Baba, ya faɗo daga tebur, hannunsa ya karye. A gyara mini shi ya koma daidai. Sai na shigo ƙarshen mako." Ya wuce.

Na buɗe. Mutum-mutumi ne da bai fi babban yatsana tsawo ba, yana tsaye a kan wani ɗan faifai baƙi. Yana da gemu, da hular ƙarfe mai ƙaho biyu, da mayafi ja, da garkuwa a hagu. Hannun dama ya guntule daga wuyan hannu, guntun yana gefe riƙe da takobi siriri kamar tsinken tsintsiya, shi ma ya lanƙwashe. An yi masa fenti har cikin ido. Ban taɓa ganin abu ƙarami da aka ɓata wa lokaci haka ba.

Alhaji Mu'azu ya leƙo ya ce, "Malam Sahabi, ba dai gunki ka fara karɓa ba?"

"Ni na ƙera shi? Hannu aka ce in mayar. Ko tsafi ne, mai hannu ɗaya mi zai tsinana?"

Kaka ya karɓa ya shafa, ya ƙwanƙwasa da farce, ya kai hanci. Ya ce ba tangaran ba ne, ba ƙashi ba ne, kuma robar ba irin wadda ya sani ba ce. Ya ɗora ƙarfen liƙi a wuta, ya sa na taɓa ƙarƙashin faifan inda ba a gani. Bai narke ba. Wani wari ya tashi, wurin ya yi gari-gari. Rabin ilimin Kaka na roba kuwa a kan narkewa yake. Muka gwada gam zalla. Hannun ya tsaya, na ɗan taɓa takobin, ya sake faɗuwa cikin auduga. Wurin karayar bai fi kan ashana faɗi ba, gam ba shi da inda zai kama.

Kaka ya ce, "To sai mu yi mashi ƙashi."

Haka yake yi wa ƙafar tabarau. Na riƙe allurar huji tsakanin yatsu biyu ina murzawa a hankali a tsakiyar dungun, farin gari yana fitowa. Kaka yana ce mini kada in danna, in bar allura ta ci da kanta. Na yanko 'yar waya na dasa a ramin da ɗigon gam. Wahalar ita ce ramin ɗaya ɓangaren ya yi daidai da wannan, in ba haka ba hannu zai juya baya. Kaka ya ce in ciro kwallina daga jaka. Na shafa kwalli a kan wayar, na kawo guntun hannun na taɓa yadda ya kamata ya zauna, sai ɗigo baƙi ya fito inda zan huda. Na huda, na haɗa, hannu ya zauna. Takobin kuwa muka karɓo ruwan zafi wurin mai shayi muka tsoma, ya yi laushi, na miƙar da shi, na tsoma a ruwan sanyi ya tsaya cak. Layin haɗin na cike da toka da gam, na goge da samfefa. Da a nan muka tsaya, da ba ni da labarin bayarwa.

Kaka ya karɓa yana bi da yatsa don ya ji aikin. Yatsan ya wuce kan garkuwa ya tsaya.

"Inna, mi ne ne wanga?"

"Tsaga ce, Kaka. Daga baki har tsakiya."

Ya ci gaba da shafawa. Ƙaho ɗaya guntu ne. Bakin mayafin a yayyage yake. Na gaya masa takalman ma duk taɓo ne.

Na duba ta gilashin. Karayar hannun cikinta fari ne fat. Tsagar garkuwar kuwa cikinta baƙi ne, kuma a gefenta akwai wani siririn layi mai haske, a miƙe, kamar da gangan aka ja shi. Na ce a hankali, "Kaka, wannan ba irin waccan ba ce. Cikinta baƙi ne. Kamar fenti."

"Baƙa ko? Tsohuwa ce. Ya saba da ita ne. Ba daidai ya ce a mayar da shi ba?"

Haka ya ce. Kuma abin da Kaka ya faɗa shi ne abin da na sani tun ina ƙarama. Na rasa dalilin da zai sa mutum ya yi wa tsaga fenti, don haka na yarda dauɗa ce.

Mun yi kwanaki muna aikin. Na cike tsagar da toka da gam, na goge ta yi sumul. Na dasa waya a guntun ƙahon, na gina sabo a kanta kaɗan-kaɗan, na fere shi da magagari har ya yi daidai da ɗan'uwansa. Na daidaita bakin mayafin. Taɓon takalmi na wanke shi da tsinke da auduga da sabulu, ya ƙi fita. Na kankare da farce, ya ƙi. Nan ma na tsaya ina tunani, wane irin taɓo ne ba ya jin ruwa. Kaka ya ce soja ba ya fita da ƙazamin takalmi, aka karɓo fenti wurin mai rubutun allunan shaguna, na shafe su baƙi da bakin tsinke. Garkuwar na yi mata ruwan ƙasa. Alhaji Mu'azu ya ce yanzu kam ko zance za shi ya isa.

Ranar da Malam Dayo ya dawo, Baffa Bello yana zaune a bakin baranda yana cin gyaɗa. Na miƙa gwangwanin. Malam Dayo ya fara duba hannun, ya ja takobin kaɗan, ya yi murmushi. Sai murmushin ya tsaya.

"Baba, me ya sami garkuwar?"

"Ta warke."

"Ƙahon fa?"

"Ga shi nan. Wanga kyauta ne, ba sai ka ƙara komai ba."

Malam Dayo ya zauna a benci ba tare da an ce ya zauna ba. Ya yi mana bayani, ni dai ban gane duka ba. Wai wasa ne na yaƙi da ake yi a kan tebur. Kowa yana jera 'yan sojojinsa, ana auna tafiyarsu da tef irin na tela, ana jefa abin jefawar ludo don a san wanda ya sari wani. Yayansa da ke ƙasar waje ne ya aiko masa da su, da wani abu da ake kira rezin ake zuba su. Wannan shi ne shugaban rundunarsa, tsohon mayaƙi da ya sha gwagwarmaya. Tsagar da guntun ƙahon da yagar mayafin, haka aka ƙera shi. Baƙin cikin tsagar da hasken gefenta da taɓon takalmin kuwa, shi ya zauna ya zana su da burushi mai gashi kaɗan, duk hutun makaranta. Kuma abokansa suna tafe daga Zariya don wasan.

Kaka ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Tsaya in gane. Shi wanda ya ƙera, sabo hul, ya fasa shi da gangan?"

"Eh, Baba."

"Ya sayar. Aka saya."

"Eh."

"To hannun, don mi ka kawo?"

"Ai shi faɗuwa ya yi."

"Wagga karaya ba ka so. Waccan kana so."

"Haka ne, Baba."

Kaka ya juyo wajena kamar ni ce zan fassara masa. Na sunkuyar da kai.

Malam Dayo ya tura gwangwanin kan tebur a hankali ya ce, "Don Allah Baba, ba raina aikin na yi ba. Amma wannan ba nawa ba ne. Ko za a iya mayar da shi yadda yake?"

Baffa Bello ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga rigarsa. Bai ɗaga murya ba, ya ce, "Alhaji, ka dai gani."

Alhaji Mu'azu ya kama gyara kwalaben turarensa da ba su karkace ba.

Kaka ya ce shi tun da yake bai taɓa fasa abu mai lafiya ba, hannunsa bai san yadda ake yi ba. Ya ɗauki basillar Ɗan Ige ya saka a gwangwanin biskit, ya ɗauki magagari ya saka. Ina kallon hannunsa yana laluben hantsaki.

Ni na san inda tsagar take, na kalle ta kwana da kwanaki. Amma na san toka da gam ba sa fita da tsabta. In na tone, rami zai fi na da faɗi, bakinsa ya yi kaca-kaca, ba fentin da zai ɓoye shi. Na matsa kusa da kunnen Kaka na ce, "Kaka, in garkuwa ta tsage a wurin yaƙi, yar da ita ake yi?"

"Wa zai yar da garkuwa? Ɗinke ta ake yi."

"To ko mu buɗe, mu ɗinke?"

Sai da na faɗa na ga kowa ya ji. Malam Dayo ya ce, "Ɗinki kamar yaya?" Kaka ya aiki Baffa wurin mai fura ya aro tsohuwar ƙwarya mai ɗinki. Malam Dayo ya juya ta ya sake juyawa, ya bi ɗinkin da yatsa. Ya ce shi bai taɓa ganin an yi wa irin sojojin nan haka ba, bai san ko zai yi kyau ba. Ya dubi garkuwar da ta yi sumul kamar faranti, ya ce a gwada, ai ta riga ta tafi.

Na tone tsagar da bakin allura. Wayar fanka ta yi kauri, ko ramin ba za ta shiga ba. Muka rasa abin yi, sai Baffa Bello ya zaro wata lalatacciyar wayar sauraren waƙa daga aljihu ya jefo kan tebur. Na fere ta, a ciki akwai silin jan ƙarfe kamar gashi. Kaka ya fito da basillar ya riƙe ƙwaryar, yana nuna mini da girma abin da zan yi da ƙanƙanta: nan za ki huda, kada ki matso, kada ki yi nisa, ki shiga ta sama ki fito ta ƙasa, ki ja amma kada ki shaƙe. Ramin farko ya ce in ba shi ya ji. Ya bi da farce ya ce na matso da yawa, in ja baya kamar kaurin gashi. Na ja. Hannuna yana zufa, ina gogewa a hijabi. Da na ƙulle ɗinkin ƙarshe ta baya, na ɗiga gam a kan ƙullin.

Saura ƙaho. Na kama shi da hantsaki. Kaka ya juya fuskarsa wajen mai agogo. Na karya shi ya yi ƙas, kafaɗar Kaka ta motsa.

Malam Dayo ya karɓi gilashina ya daɗe yana dubawa. Ya ce taɓon da baƙin tsagar zai mayar da kansa. Sannan ya yi dariya ya ce, "Yanzu sai abokaina sun tambaye ni a wane gari ya yi yaƙi." Ya rufe gwangwaninsa, ya yi godiya, ya tafi da shi.

Alhaji Mu'azu ya yi gyaran murya ya ce shi a ganinsa kayan da mai shi ya ɗauka yana dariya ba a ce an maido shi ba. Kaka ya ɗaga masa hannu.

"An maido, Alhaji. Inna ta gani ta faɗa, ni ban gani ba na ce tsohuwa ce." Ya shafa teburin har ya sami tsakiya, ya ja layi da basilla. "Bello, daga nan zuwa can naka ne. Wanga gefen kuwa, in dai Inna na zuwa, ina nan."

Baffa ya sosa ƙeya ya ce shi ma rabin ya ishe shi, cajar ba ta da yawa. Yanzu haka muke zaune, wayoyinsa suna lilo a kan gwangwanin biskit. Wani lokaci idan ina huji sai in ga ya bar ciniki yana leƙe. Bai sake cewa gam ne kawai ba.

Bayan nan wani abokin Malam Dayo ya aiko da nasa sojan daga Zariya, lafiyarsa ƙalau, wai a tsaga garkuwar a yi mata irin ɗinkin. Kaka ya sa aka maimaita masa saƙon, sannan ya miƙo mini ya tashi ya tafi alwala tun lokaci bai yi ba. Har yau bai gane ba, ni ma ban gama ganewa ba. Abin da ya canza shi ne, duk abin da aka kawo sai ya ce, "Inna, fara ce ko baƙa?" In na ce baƙa, sai ya tambayi mai kaya kafin mu taɓa.

Kwanan baya wata Bafulatana daga wajen Rawayya ta kawo ƙwarya, abin da muka daɗe ba mu gani ba. Tsaga biyu ce da ita, fara a baki, baƙa a gefe. Kaka ya shafa baƙar ya ce, "Baiwar Allah, wagga tsohuwar, a ɗinke ko kina son ta haka?"

Matar ta dube shi, ta dube ni, ta gyara goyonta.

"Baba, wa ke son tsaga?"

Kaka ya juyo wajena yana laluben basilla.

"Kin ji ko, Inna? Ni ma abin da na ce ke nan."